Darasi na 9: Bibiyar Kaya Bayan Sun Shiga Kasuwa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bambanta kayan da suka sayu da kayan da suka biya buƙata, ya san tambayoyin da ake yi bayan an fito da sabon kaya, ya kuma iya riƙe ɗan littafin da zai nuna masa abin da ya kamata ya gyara a zubi na gaba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fito da sabon abu don sayarwa, ko sabulun wanki ne da mace ta haɗa a gida, ko man gyaɗa a sabuwar roba, ko irin shuka da dila ya ɗauko daga Kano, ya san hankali yakan tattara ne a kan ranar farko. A shirya kaya, a yi talla, mutane su taru, da yamma a ƙirga kuɗi, sai a ce an dace. Ranar farko kuwa ba ta isa shaida ba. Hukuncin gaskiya a kan kaya yana hannun wanda ya saya ya kai gida, kuma ba ya bayyana sai bayan makonni ko watanni, lokacin da aka mori kayan har aka ga abin da suka iya da inda suka gaza. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Mai sana'ar da bai bi kayansa har zuwa wannan lokaci ba, zato ne zai ja masa gora idan ya tashi sake zuba jari, kuma kuskuren da ya yi bana shi zai maimaita baɗi. Za mu kafa hujjar wannan magana da wani kaya da manoman wake na ƙasar Katsina da ta Maraɗi suka sani, wato buhun adana wake mai ninki uku da ake kira PICS.

Matsalar da buhun ya zo warwarewa

Garin Daddara yana kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, hanyar da ke ratsa Magama ta shiga Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, ta miƙe zuwa Maraɗi. Wake yana cikin manyan kayan da ke bin wannan hanya. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma kaso mai yawa na waken Nijar kasuwannin Nijeriya yake gangarowa, tun daga kasuwar Jibiya mai ci ranar Lahadi har zuwa Dawanau a Kano. Kowane manomi ya san wake yana arha da kaka, ya yi tsada idan an doshi bazara, saboda haka riba tana wurin wanda ya iya ajiya. Abin da ke hana ajiyar shi ne ƙwaron wake. Tun daga gona yake shiga, ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsarsa ta ɓula ciki tana ci, ta girma ta fito ta sake yin wani ƙwan, har cikin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Manomi sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya karyar da wakensa da kaka, ko ya zuba masa maganin ƙwari irin fiya-fiya, wanda illarsa ke komawa kan mai ci. Illar ta kai ga a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan ragowar irin wannan magani da aka samu a cikinsa.

Dabarar rufe wake a cikin leda ninki-ninki don hana iska shiga ta samo asali ne daga binciken da wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya yi tare da masana na arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2007 aka mayar da ita kayan sayarwa da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, na kilo 50 da na kilo 100. A Nijeriya cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta yi aikin tare da hukumomin bunƙasa noma na jihohi, a Nijar kuwa masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka tsaya a kan gwaje-gwajen. Kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin masu ƙera buhunan. An yi nunin yadda ake amfani da shi a ƙauyuka kusan 30,000 na ƙasashe goma a yammaci da tsakiyar Afirka.

Abin da bibiya ta gano

Abin lura na farko shi ne yadda aka tsara nunin kansa. Manoma sukan kawo wakensu, a ɗaure a bainar jama'a, sannan bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a buɗe buhunan kowa yana gani. Ma'ana, tun ranar da aka gabatar da kayan aka sa ranar da za a yi musu hisabi, aka kuma amince cewa idon manomi ne zai yanke hukunci. Gani ya kori ji. Wannan shi ne ginshiƙin kowace bibiya: a sa lokacin dubawa tun da wuri, a kuma faɗi abin da za a kira nasara kafin sakamako ya fito, don kada daga baya a riƙa neman uzuri.

Buhun ya ci jarrabawar taron buɗewa, amma da masu aikin sun tsaya a nan da sun rasa darasin da ya fi muhimmanci. A shekarar 2012 an zagaya ƙasashen da aikin ya shafa ana tambayar manoma yadda suke ajiye wakensu. An samu kusan rabinsu suna amfani da wani nau'in mazubi marar shigar iska, ko buhu ko jarka ko duro. Da aka tambayi waɗanda ba sa amfani da buhun PICS dalilinsu, amsar da ta fi yawa ita ce ba sa samunsa kusa da su. Binciken masu aikin ya nuna cewa amfani da buhun yana raguwa ƙwarai idan manomi sai ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 7 kafin ya sami mai sayarwa. Wannan sakamako ya sauya fahimtar matsalar baki ɗaya. Wanda ya dubi ƙarancin ciniki kaɗai zai ce manoma ba su gamsu ba, sai ya ƙara kashe kuɗi a talla da wayar da kai. Tambaya ce ta nuna cewa manoman sun gamsu, kayan ne ba sa isa inda suke a lokacin da suke buƙatarsu, wato da kaka. Daga nan ƙarfin aikin ya karkata ga samar da diloli da masu sayarwa a kasuwannin ƙauye, wanda shi ne babban abin da sabon zangon aikin da aka fara a 2014 ya sa a gaba.

Bibiyar ta kuma nuna cewa manoma ba su tsaya kan wake ba, suna zuba masara da dawa da gurjiya a cikin buhun ba tare da wani ya umarce su ba. Masu aikin suka ɗauki wannan da muhimmanci, daga shekarar 2011 suka shiga gwada buhun a kan sauran amfanin gona, har sunansa ya tashi daga na adana wake ya koma na adana amfanin gona gaba ɗaya. Hatta yadda buhun ke kashe ƙwaro, sai bayan ya shiga kasuwa aka ƙara fahimtarsa. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙwaron yana samun yawancin ruwan jikinsa ne daga sarrafa abincin da ya ci da taimakon iskar shaƙa, idan iskar ta yi ƙaranci sai ya daina ci, ruwan jikinsa ya yanke, ya bushe ya mutu. Wannan ya ƙarfafa shawarar da ake ba manomi cewa ya busar da wake sosai, ya matse iskar cikin leda, kada kuma ya riƙa buɗewa a kai a kai. A taƙaice, bibiya ta gyara hanyar rarraba kayan, ta faɗaɗa kasuwarsu, ta kuma inganta bayanin da ake yi wa mai saye, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da za a iya sani ranar ƙaddamarwa.

Wurare huɗu da aibi ke ɓuya

Daga wannan tarihi za mu fitar da ƙa'idar da ƙaramin mai sana'a zai iya aiki da ita. Idan sabon kaya bai tafi yadda aka so ba, aibin yana ɗaya daga wurare huɗu, kuma kowanne maganinsa daban. Akwai aibin kayan kansu, kamar ledar da ta zo da huji daga masana'anta ko sabulun da ke narkewa da wuri; wannan sai an koma wurin haɗawa. Akwai aibin hanya, inda kaya suke da kyau amma ba sa isa hannun mai buƙata a kan kari, ko suna isa da tsadar da ta fi ƙarfinsa. Wannan maganinsa neman masu sayarwa kusa da jama'a ko rage girman ma'auni. Akwai aibin amfani, kamar wanda ya haɗa leda biyu ya ɗaure su tare maimakon ya murɗe kowace ya ɗaure ta daban, ko ya zuba wake da tsinke da ƙaiƙayi su huda ledar, ko ya ajiye buhun a ƙasa inda ɓera zai kai gare shi. Wannan maganinsa bayani da nuni. Sai aibin lokaci, wanda ya fi ƙarfin mai kaya da mai saye duka. Haɗarin rashin bibiya shi ne a ba da maganin wani aibi ga wani, a karya farashin kayan da bayani kawai suke buƙata, ko a watsar da kaya masu kyau saboda shekarar ce ta zo da matsi.

Mutanen yankin Jibiya sun fi kowa sanin aibin lokaci. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, kuma da aka buɗe wasu a Disambar 2020 ban da ta Jibiya, wadda sai a watan Afrilun 2022 aka buɗe ta. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A tsakanin nan kuma darajar naira ta faɗi a kan sefa, kayan Nijeriya suka yi sauƙi ga mai riƙe da kuɗin Nijar. Wanda ya fito da sabon kaya a Daddara cikin waɗannan shekaru zai ga cinikinsa ya faɗi warwas a wani wata, ya tashi a wani, alhali kayan ba su canja ba. Saboda haka a garin bakin iyaka yawan ciniki kaɗai mugun ma'auni ne. Dole a rubuta kowane adadi tare da halin da ake ciki a lokacin, a kuma raba masu saye na gida da masu zuwa daga tsallake.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce kasuwa ita ce alƙali, abin da ya sayu mai kyau ne, wanda ya yi kwantai kuwa ba ya buƙatar bincike. Akwai gaskiya a nan, amma ta saye na biyu ce. Saye na farko talla ce ke kawo shi, ko son ganin sabon abu, ko kunyar mai kaya. Wanda ya dawo ya sake saye da kuɗinsa, ko ya turo maƙwabcinsa, shi ne ya ba da shaida. Manyan hukumomi ma sukan faɗa wannan rami. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da kuɗin intanet na eNaira a ranar 25 ga Oktoban 2021, dubban ɗaruruwan mutane suka sauke manhajar a wayoyinsu, amma nazarin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. Adadin masu karɓa ya nuna nasara, adadin masu amfani ya nuna akasin haka.

Wani kuma zai ce wannan aikin jami'o'i ne da manyan kamfanoni masu motoci da ma'aikata, mai tuyar ƙuli-ƙuli ina ta ga halin bincike? Amsa ita ce ƙaramin mai sana'a ya fi babban kamfani sauƙin wannan aiki. Masu buhun PICS sai da suka tura ma'aikata ƙasashe goma kafin su ji abin da manomi ke cewa, ita kuwa mai ƙuli-ƙuli ta san masu sayen kayanta da sunansu, tana haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki da bakin rijiya. Abin da ya rage mata shi ne ta yi tambayar da gangan, ta yi wa kowa iri ɗaya, ta kuma rubuta amsar, domin ƙwaƙwalwa takan riƙe yabo ta saki suka. Karatu da rubutun da ake koya a wannan aji, ga wurin amfaninsu.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi: mutanenmu suna da kara, ba za su dubi idonka su ce kayanka ba su da kyau ba. Haka ne, kuma duk bibiyar da ba ta yi la'akari da wannan ba yaudarar kai ce. Mafita ita ce a bar tambayar ra'ayi a koma tambayar aiki. Kada a ce wa mutum, "Yaya ka ga kayan?" domin amsarsa alhamdulillahi ce ko da sun ba shi haushi. A ce, "Malam, kwana nawa sabulun ya yi muku?" ko "Hajiya, wanne kika saya da wannan ya ƙare?" ko kuma a roƙi izinin ganin buhun inda yake ajiye. A kuma nemi waɗanda suka saya sau ɗaya ba su dawo ba, ko ta hannun wani da ba za su ji nauyinsa ba, don bayanin da ya fi tsada yana wurinsu.

Akwai kuma mai cewa ciniki rabo ne, abin da Allah ya ƙaddara maka shi za ka samu. Babu mai imanin da zai musa wannan, amma tawakkali bai taɓa hana manomi zagaya gonarsa ya ga inda tsiro ya fito da inda ya ƙi ba. Bugu da ƙari, fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikinsu. Wanda ke bin kayansa don ya san aibinsu ya gyara, yana kare jarinsa, yana kuma sauke haƙƙin da ke wuyansa.

Yadda ake yi a aikace

A samu littafin rubutu guda a keɓe shi. Kafin a fitar da kaya a rubuta abin da ake sa ran za su yi wa mai saye da ranar da za a duba, gwargwadon irin kayan: mako biyu ga sabulu, wata biyar ga buhun ajiya, kaka guda ga irin shuka. A rubuta adadin da aka fitar, da wanda ya sayu, da wanda aka mayar, da yawan waɗanda suka sake saye, da halin kasuwa da na iyaka a wannan wata. Ga misalin lissafi. A ɗauka wani dila ya kawo buhu 100 ya sayar da 90, bayan wata biyar ya ziyarci mutum 20 daga cikin masu sayen. Ya tarar waken mutum 14 lafiya lau, na mutum 4 ya yi ƙwari, mutum 2 kuwa masara suka zuba. Da ya duba huɗun nan, uku sun ɗaure ledojin tare ne, ɗaya kuma ledarsa ta zo a fashe. Yanzu dilan ya san abin yi: ya riƙa nuna ɗauri ga kowane mai saye, ya riƙa duba leda kafin ya miƙa, ya kai ƙorafin fasasshiyar ga wanda ya sayar masa, ya kuma fara tallata buhun ga masu masara. Da adadi 90 kaɗai ya riƙe, da babu ɗaya daga waɗannan da zai sani.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne bibiya ta haifar da gyara. Littafin da aka cika da adadi amma zubi na biyu ya fito daidai da na farko, ɓata takarda ne. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka fi cutar da mai saye a gyara su, kada a canja komai da komai lokaci guda, domin idan aka yi haka ba za a san wane gyara ne ya yi aiki ba. Sannan a sake sa ranar dubawa ga sabon zubin, kamar yadda aka sa wa na farko.

Tambayoyi da aikin yi

1. Me ya sa yawan ciniki kaɗai bai isa a auna nasarar sabon kaya a gari irin Daddara ba?
2. Wane dalili ne manoman da ba sa amfani da buhun PICS suka fi bayarwa a binciken 2012, kuma wane gyara ya biyo baya?
3. Kawo wurare huɗu da aibi ke ɓuya, ka ba da misali ɗaya ga kowanne daga sana'arka.
4. A misalin dila, kashi nawa cikin 100 na mutanen da ya ziyarta ne wakensu ya tsira?
5. Ka zaɓi kaya ɗaya da kake sayarwa ko ake sayarwa a gidanku, ka rubuta tambayoyin aiki guda uku, ka yi wa masu saye biyar, ka kawo amsoshin aji a zama na gaba.